Laisin Kitso da Katin Asibitin Habibu

Zuwa ga Mai Girma ɗan majalisar da matasan Greensboro suka tsaya wa har ya ci zaɓe,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka kai da iyalinka. Ni ban yi makaranta ba. Da baki nake faɗa, maƙwabciyata Anti Hadiza da ke karatu a jami'a tana rubutawa, ita ce za ta juya maka da Turanci. Na roƙe ta kada ta sa cikakken sunana. Tsoro nake ji wallahi, girin kad, wato takardar izinin zama a Amurka, kawai gare ni.

Na ɗaya, bari ka ji yadda aka yi muka so ka. Ni mai kitso ce, a falona nake yi. Shuku, kalaba, duk abin da mace ta zo da shi a waya. Tun ina 'yar shekara bakwai na koya a gaban kakata a Zariya. A nan kuma aka ce sai da laisin, laisin kuwa sai an zauna a aji an rubuta jarrabawa da Turanci. Wata 'yar Nijar kusa da mu aka kai ƙararta, aka hana ta sana'a. Tun ranar labule a rufe nake aiki. Ko mai kawo saƙo ne ya ƙwanƙwasa ƙofa sai gabana ya faɗi.

Sai ga ka. Mijina Sani, mai kai kaya gida-gida da mota, ya nuna mini bidiyonka yana fassara mini. A tashar bas ta cikin gari ka tsaya, ba kwat, kana cewa gwamnati ta cire hannu daga sana'ar talaka. Har masu kitso ka ambata! Ni ban taɓa jin wani babba ya san muna duniya ba. Samari masu aikin sito, masu aski, masu gyaran mota a bayan gida, duk suka bi ka, don kowannensu akwai takardar da ta tare masa hanya. Sauran 'yan takara alkawarin taimako suke yi, mu kuwa mun gaji da cike fom da jiran layi. Kai ka ce a ƙyale mu mu nema da kanmu.

Na biyu, laifina. Ba ni da ƙuri'a, amma kan mace yana awa biyar a hannuna, ba inda za ta. Da gutsattsarin Turancina nake ta yi musu wa'azinka har in gama kitso. Ranar zaɓe Sani ya yini yana kai su rumfa kyauta. Da ka ci, shinkafa na dafa na raba wa maƙwabta. Maganar laisin kuma na ji kana kanta, ban ce ka yi ƙarya ba.

Na uku, shi ne abin da ya hana ni cin abinci. Mu a can gida idan aka ce gwamnati, abin da muka sani shi ne mai tare hanya da mai shiga kasuwa karɓar haraji. Ba ta taɓa ba mu ko ƙwayar magani ba. Da ka ce ta cire hannu, wannan na ɗauka. Wallahi ban san katin da nake miƙawa a asibiti shi ma gwamnati ba ne.

Ɗana Habibu shekararsa uku, sikila gare shi. Idan ciwon ya tashi hannuwansa da ƙafafunsa kumbura suke yi, ya yi ta kuka har murya ta dishe, ko ɗaukarsa ba ya so in yi. Da katin nan ake duba jininsa, da shi ake ba mu maganin kullum. Makon jiya takarda ta zo. Anti Hadiza ta karanta, sannan ta ce ana shirin rage masu cin moriyar katin, kuma kana cikin masu goyon baya. Aikin Sani babu inshora. Shi yanzu ko maganar ba ya so, ya ɓare hotonka daga bayan mota. 'Yan matan da na yi wa wa'azi suna zuwa kitso, ni na kasa haɗa ido da su a madubi.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka zo ɗakin masu sikila na yara sau ɗaya kafin ka ɗaga hannu a majalisa. Ba kwat, kamar yadda ka zo tashar bas, amma wannan karon ba kyamara. Ka kuma gaya mana a fili ko irin su Habibu suna cikin waɗanda za a cire, don takardar ba ta faɗa ba, ga shi wata mai zuwa za a sake duba jininsa.

Idan kuma dole sai ɗaya, to a bar dokar laisin yadda take. Zan ci gaba da kitso labule a rufe, gabana na faɗuwa, na saba. A bar mini katin.

Allah ya ba ka lafiya, ya raya maka 'ya'yanka, kada ya nuna maka ranar da za ka riƙe ɗanka yana kuka ka rasa inda za ka kai shi.

Wassalam.

Maman Habibu, mai kitso
Greensboro