Madubin Falon Hajiya Maimuna

Gyadi-Gyadi, Litinin

Hajiya Maimuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ya gajiyar biki? Allah ya ba amarya Zahra'u zaman lafiya a ɗakinta.

Hajiya, kwana tara ke nan wayata ba ta shiga taki. Sau biyu ina zuwa Tarauni, maigadi ya ce ba kya nan, ga motarki kuwa ina kallo. Shi ya sa na koma ga biro da takarda.

Na san laifina. Na saka hoton hannun Zahra'u a Instagram tun kafin ranar kamu. Shekara goma sha bakwai ina zanen lalle, ni na yi wa 'ya'yanki uku, amma amaren yanzu ba sa tambayar wa ya iya, sai dai wa ke da shafi. Waɗanda na koya wa riƙe ledar lalle sun fi ni samun aiki, har gaishe ni suke yi da tausayi. Sai na buɗe nawa shafin. Aka ce in riƙa ɗaukar hoto kusa da taga, in rubuta unguwa da lamba, in saka kullum. Wata guda ina fama, mabiyana arba'in, rabinsu 'yan gidanmu ne. Hannun Zahra'u kuwa, kafin la'asar mutum dubu biyu sun gani. Daɗi ya kwashe ni ban nemi izini ba. Don Allah ki yafe min.

'Yarki,
Uwani mai lalle

Tarauni, Laraba

Uwani,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode da addu'a.

Ba ki san laifinki ba. Hannun Zahra'u bai dame ni ba, ita ma ta saka shi a nata shafin. Ki buɗe hoton, ki daina kallon lallenki, ki dubi madubin da ke bayanta. Ya hasko ƙuryar ɗaki. Alhaji ne kwance a gado ana ba shi kunu da cokali.

Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Shi ya roƙe ni kada abokansa na kasuwa su gan shi a haka, muka riƙa cewa yana Kaduna wajen ƙaninsa. Har ɗaurin aure wakili ya tsaya masa. Wata huɗu ina rufe ƙofar nan, rana ɗaya aka bar ta a buɗe. Matar amininsa Alhaji Ƙasimu ta gane shi, ta nuna wa mijinta. Yanzu ni ce maƙaryaciya a idon mutane, shi kuma ya juya fuska bango, ya ƙi yi min magana.

Wassalam.
Maimuna

Gyadi-Gyadi, Alhamis

Hajiya,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin Baba? Allah ya tashi kafaɗunsa.

Na duba. Wallahi Hajiya, na kalli hoton nan ya fi sau ɗari, ina duba ko layin babban yatsa ya karkace, ban taɓa ganin madubin ba. Da na gan shi sai na zauna a ƙasa na yi kuka. Mutumin da ya saya min kayan aiki na farko bayan rasuwar mahaifina, shi na tona wa asiri don a ce na iya zane.

Na goge hoton, ko da yake na san gogewa ba ta mayar da abin da ido ya gani. In kin ce in rufe shafin, yau zan rufe. Aikin amare ya tafi, ba komai, amma kada ki rufe min ƙofar gidanki.

'Yarki mai neman afuwa,
Uwani

Tarauni, Talata

Uwani,

Muna amsawa. Kada ki rufe shafin, da shi za ki ci abinci. Ki dai riƙa duba bayan mutane, ki kuma riƙa tambaya.

Ban ce kin kyauta ba. Amma ranar Juma'a Alhaji Ƙasimu ya ture maigadi ya shigo, suka yi kukansu su biyu. Tun ranar, kullum bayan la'asar falo cike yake da tsofaffi. Jiya Alhaji da kansa ya ce a fito da shi ƙofar gida.

Bikin Rabi 'yar ƙanwata bayan Sallah ne, ki zo ku yi maganar lalle da ita. Alhaji ya ce in gaya miki, da kin sanar da shi da ya sa hularsa.

Ki gaida mutanen gida.
Mamanki, Maimuna