Ruwan Sadakar Inna

Zuwa ga Yayana Gavril,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa kana lafiya, kai da iyali. Mu nan sai haƙuri. Har yau na kasa kwashe takalman Inna daga bakin ƙofa.

Yaya, maganar ruwan sadaka ce ta hana ni sukuni, wanda ake kai wa maƙwabta daga rijiyar gida har kwana arba'in don kada mamaci ya ji ƙishi a hanya. Tun da tafkin dattin mahaƙar zinariya ya yi ambaliya ake cewa gubar sayanayid ta shiga rijiyoyi. Na ɗebi namu a kwalbar giyar Baba na kai ɗakin gwaji a birni, sakamako ya ce lafiya lau. Da na koma godiya, ma'aikaciyar, Malama Otilia, ta ji cewa rabin kwalba ne kuma ya kwana kan taga, sai ta riƙe baki. Ta ce gubar nan tserewa take kamar ƙamshin miya daga buɗaɗɗiyar tukunya, sai an ɗiga magani, an toshe, an sa a ƙanƙara. Wai na'urarsu ba ta yi ƙarya ba, abin da ya rage ta gani. Ta zo da kanta ta ɗiba ta kai wurare biyu, ɗaya ya ce akwai kaɗan, ɗaya ya ce babu. Ta ce a jira na uku, arba'in ɗin Inna kuwa ba ya jira.

Fada Simion, limamin cocinmu, ya ce in sayi na shago, Allah ba ya leƙa rijiya. Gwaggo Floarea ta ce ita ba ta taɓa jin mamacin da ruwan roba ya kashe wa ƙishi ba. Ni kuma ina ta mafarkin Inna da busasshen leɓe, kallona kawai take. Gaba kura, baya sayaki. Kullum da safe nake kai wa maƙwabta na rijiyar, ina gaya wa kowa gaskiya. Su karɓa su yi wa Inna addu'a, ina juya baya in ji an sheƙar bayan shinge, kuma har raina ina gode musu. Sai tsohuwa Rozalia, ƙawar Inna. Ta ce tun suna amare take shan ruwan rijiyar nan, ba 'yan fararen rigunan ɗakin gwaji ne za su raba ta da shi ba. A gabana take shanyewa tas ta goge baki. Yaya, ina jin tsoro ƙwarai. Kai ne babba, ka ce in ci gaba ko in daina.

Ka gaida matarka Aurica da su Ilie da Sanda, Gwaggo ma tana gaishe ku. Ka amsa da wuri, don gobe ma Rozalia za ta fito da kofinta.

Ƙanwarka,
Veturia