Sakataren Maigidana Ya Yi Shiru

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni, ko da kin ga wasiƙar nan ta fi dacewa da mai gyaran kwamfuta. Na riga na kira shi. Ya gyara abin da idonsa ya gani ya tafi, abin da ke cin raina kuwa yana nan.

Maigidana ba ya gani. Ciwon hawan jinin ido ne ya tafi da idonsa bayan aurenmu da 'yan shekaru, kunnensa na hagu kuma dama can ba shi da ƙarfi. Amma kada ki yi saurin tausaya masa, don ba irin mutumin da ake tausaya wa ba ne, ko in ce a da ba haka yake ba. Sana'arsa rubuta magana. Masu bincike da ɗalibai da wani kamfani suna turo masa hirarraki da tarurrukan da aka naɗa, ya saurara ya buga su kalma bayan kalma. Akwai manhajar da ke karanta masa duk abin da ke cikin kwamfutar, da muryar namiji mai sauri kamar an biyo shi. Mun sa wa mai muryar suna Sakatare. Da Sakatare yake buɗe saƙo, da shi yake tura aiki, da shi kuma yake kama ni in na rubuto masa saƙo da kuskure, ya yi ta tsokanata har mu gama cin abinci. Allon laftof ɗinsa ya daɗe da mutuwa, ya hana a gyara, wai mai buƙatar kallo shi zai gyara.

Saboda kunnen nan, da kuma yadda wasu ke naɗar magana wayarsu na can ƙasan jaka, yana amfani da wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce sabulu girma ba. DAC ake ce masa, haɗe yake da amfilifaya. Ana jona shi da laftof ta kebul na USB, hedfon kuma a jona a jikinsa. Shi ke tace sautin ya ƙara masa ƙarfi. Ta cikinsa hirarrakin ke isa kunnensa, ta cikinsa kuma Sakatare ke magana.

Shekara da shekaru akwatin nan bai ba mu ciwon kai ba, sai wani lokaci da kwamfutar ta sabunta kanta. Tun daga nan ya fara ɗaukewa, musamman in maigidan ya tashi salla ko shan shayi ya ɗan jima. Wani lokaci kuma yana tsakiyar aiki sautin zai yi ƙaraf-ƙaraf ya yanke. Da farko abin haushi ne kawai. Akwatin na ɗaukewa sai Sakatare ya fito ta lasifikar laftof ɗin yana ta zuba, maigidan ya sunkuyar da kunnen dama ya ji inda ake, ya zare kebul ya mayar, ya ɗan yi mita, ya ci gaba da aikinsa. Har dariya muke yi.

Ni ce dai na ga bai kamata a zauna haka ba. Amma ta yaya zan taimaka, allo a mace? Sai na sayo allo na daban da linzamin kwamfuta, na kira mai gyara. Ya jona allon da wata waya mai faɗin baki da ya ce HDMI ce. Da ya ga ramukan USB sun cika, ga kibod, ga abin takawa da maigidan ke tsayar da hira da ƙafa, ga akwatin, sai ya kawo wani ɗan abin raba rami ya tattara su duka a jikinsa. Ya cire direban akwatin, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, ya sauko da sabo ya saka. Ranar komai ya yi aiki lafiya lau, na ji kamar na sauke dutse daga kaina.

Anti, daga nan abin ya ƙara lalacewa. Yanzu in akwatin ya ɗauke, shiru ne gaba ɗaya. Babu hira, babu Sakatare, lasifikar ma ko tari. Ya zare kebul ya mayar, wata rana sautin ya dawo, yawancin ranaku ya ƙi. Ya kashe kwamfutar ya kunna, bai san me take tambayarsa ba, bai san ma ko ta gama tashi ba. Ni kuma a ɗakin gwaje-gwajen asibiti nake aiki, wayata a kabad take wuni har in tashi. Sai in dawo da yamma in tarar da shi a kan kujera, hedfon a wuya, hannuwa a kan gwiwa, shayin safe ya huce a kofi. Allon da na saya yana ta haske a gabansa da rubutun da ba zai iya karantawa ba.

Ko takalmi ba na cirewa. In janye hannunsa daga kan kibod, in kama linzami in yi ta danne-danne har in lalubo sunan akwatin in zaɓa, sautin ya dawo. Ya ce min ya gode. Wallahi da wannan godiyar gara ya yi min faɗa.

Ba abin da ban gwada ba. Na sayi sabon kebul. Na cire direba na mayar har na haddace hanyar. Wani lokaci kwamfutar ta rubuto wai ba ta gane na'urar da aka jona ba, na'urar da suka yi shekaru tare. Lokacin hutun cin abinci abokan aikina na hira, ni ina can gefe ina karanta abin da mutane suka rubuta a intanet, kowa da maganinsa, babu wanda ya yi mana. Mai gyara ya dawo, akwatin ya ƙi ɗaukewa a gabansa, ya dube ni kamar ni na ƙirƙiro.

Aiki ya fara makara a hannunsa, mutumin da a da har kafin lokaci yake miƙawa. Kamfanin ya rage abin da yake turowa, wata mai bincike da suka daɗe tare ta koma wurin wani ba tare da ta ce komai ba. Sai ga yayansa, mai shagon kayan gini, ya zo da shawarar wai ya bar wahalar nan, ya riƙa zuwa shago yana amsa waya. Shagon nan na san shi, Anti. Wayar da ke ciki a aljihun Yaya take. Kujera kawai za a ajiye masa kusa da buhunan siminti, masu saye su riƙa gaishe shi da muryar tausayi. A da, da dariya zai kori maganar. Wannan karon cewa ya yi zai yi tunani. Bayan Yaya ya tafi ya faɗa min wata magana da har yanzu ba ta bar ƙirjina ba, wai tun da idonsa ya tafi bai taɓa jin cewa shi makaho ne ba sai yanzu. Shekaranjiya na ga ya naɗe wayar abin takawar ya saka a durowa.

Ni ma ba zan ce ina da haƙurin da nake da shi a da ba. Ina dawowa a gajiye, in tarar da wani aikin yana jira na, in kuma ga kamar ba a ganin ƙoƙarina. Rannan na ɗaga murya, ya ce in bar shi kawai. Yanzu muna cin abinci ba mai ce wa wani uffan, sai ƙarar cokali. Ina jin tsoro, Anti. In ya je shagon nan, wanda zai riƙa dawo min da yamma ba mijin da na sani ba ne.

Ƙarshen makon nan Yaya zai dawo jin amsa. In sayi wani akwatin ne, ko sabuwar laftof? In ɗauki hutu in zauna kusa da shi? Ko in haƙura in bar shi ya tafi, tunda ni na kasa?

'Yar'uwarki,
Matar mai Sakatare

Amsa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri a kan tsayuwar da kika yi. Kada ki sayi komai tukuna, kada kuma ki ɗauki hutu.

Na nuna wasiƙarki ga mai kula da kwamfutocin ofishinmu, muka karanta tare. Ban ga laftof ɗin ba, don haka ba zan rantse ba, amma mu biyun wuri ɗaya muka tsaya. Matsala biyu gare ku, kin haɗa su kin mai da su ɗaya. Ta farko, akwatin yana ɗaukewa. Ta biyu, in ya ɗauke sai a yi shiru. Ta farkon ta riga allonki zuwa gidan, kuma maigidanki yana iya mata da kansa, ke kika faɗa. Ta biyun kuwa tare da allon ta shigo.

Ga abin da muke zargi. Wayar HDMI ba hoto kaɗai take ɗauka ba, har da sauti. Kwamfuta kan ɗauki allon da aka jona a matsayin wani wurin fitar da sauti, ko da babu lasifika a jikinsa. A da, in akwatin ya ɗauke, wuri ɗaya ya rage mata, wato lasifikar laftof. Yanzu ta samu na biyu, tana tura sautin can. Wataƙila duk ranakun da maigidanki ya wuni cikin shiru Sakatare bai daina magana ba, cikin allon da ba shi da baki yake yi. Na san wannan zai yi miki ɗaci. Kada ki ɗora wa kanki laifi, don mai gani ba zai taɓa lura ba, shi kuma wanda abin ya shafa ba ya ganin inda sautin ya nufa.

Gwajin ba wuya. A zare wayar allon daga laftof, sannan a zare akwatin. In Sakatare ya fito ta lasifika, kun kama ɓarawon. Daga nan ko dai ku shiga saitin sauti ku kashe allon daga cikin wuraren fitar da sauti, ko ku riƙa jona shi sai lokacin da ke za ki duba wani abu.

Sai ɗaukewar kanta. A cire akwatin daga abin raba ramin nan a mayar da shi jikin laftof kai tsaye, don irin waɗannan akwatunan suna son wuta wadatacciya, ba su cika son rabo ba. Kibod da linzami su zauna a can. Tunda ya fi ɗaukewa in an bar shi ya jima, ku duba saitin wuta, akwai inda kwamfuta ke kashe ramukan USB don tattalin batir, a hana ta. A duba kuma ko manhajar da yake sauraron hira da ita tana riƙe akwatin ita kaɗai, in haka ne a cire mata wannan izinin. Direba kuwa ku daina cirewa da mayarwa barkatai. Ku gwada na kamfanin akwatin na 'yan kwanaki, in bai zauna ba ku cire shi ku bar wanda kwamfutar ke sakawa da kanta. Abu ɗaya za ku riƙa canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ku san wanne ya yi magani ba. In duk an yi haka yana ɗaukewa, a gwada shi a wata kwamfutar kafin a yanke masa hukunci.

Yanzu ga wadda ba ta na'ura ba. Kin ce kina janye hannunsa daga kan kibod. Na san gajiya ce da son a gama da wuri, amma ki tsaya a inda yake. Mutumin da ya fi ki sanin kwamfutar nan nesa ba kusa ba yana zaune yana jin ƙas-ƙas ɗin linzami, bai san me ake yi wa kayan aikinsa ba. Shi ma yana da nasa laifin. Bai kamata ya haɗiye abin yana ba ki godiyar da ke ƙona ki ba, kuma ya kamata ya san kin gaji. Yaya ma kada ki riƙe shi a rai, ƙaninsa ya gani cikin damuwa ya kawo abin da yake da shi. Zuwa shago ko ƙin zuwa maganar maigidanki ce, ba taki ba, ba ta Yaya ba. Abin da nake so kawai kada ya yanke ta yana zaton shi ne ya kasa.

Don haka kada ki gyara a ɓoye ki ba shi mamaki. Ki karanta masa wannan amsar tun kafin ƙarshen mako. Duk saitin da na lissafa, shi zai shiga da kibod ɗinsa, Sakatare na karanta masa, ke ki zauna a gefe hannunki a kan cinya, sai in ya tambaye ki. Wayar allon ma ki nuna masa inda take kawai, ya zare da kansa.

Allah ya dawo muku da hirarku ta cin abinci, ya sa nan gaba kaɗan ya sake kama ki da kuskuren rubutu.

Anti