Abin da Ya Hana Ni Kunna Kyamara

Yaya Lurdes,

Gaisuwa mai yawa daga Tromsø, garin sanyi. Ya jikin Mama? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya ƙalau, ki ce mata ta daina zargina don ba na kunna kyamara idan muna waya.

Kumatuna ne kawai suka farfashe. A da, kullum da safe nakan dirje fuska da sabulunmu na gida, na Braga, in shafa mai ruwa-ruwa mai tsada, in fita cikin ƙanƙara. Torunn, da muke aiki tare a gidan tsofaffi, ta ce, "Ke Benedita, fuska kike wankewa ko tukunya? Man nan rabinsa ruwa ne, sanyi zai cinye ki!"

Yanzu da safe ruwan ɗumi kawai, da yamma abin wanki marar kumfa, sai man yara mai kauri, mafi araha a kantin magani. Don Allah ku daina aiko sabulun nan!

Lahadi zan kunna kyamarar. Amma kada Mama ta ji wannan: Torunn ce ta fara shafa min man da hannunta, sai ga hawaye. Tun da na bar gida, ba wanda ya taɓa fuskata.

Ƙanwarki,
Benedita