Shagon da Kuka Buɗe Mini Ban Sani Ba

Zuwa ga Mai Girma Daraktan kamfanin da ke ba ƙauyenmu kuran, wato wutar lantarki, na hasken rana, a buronsa na Birnin Konni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka, da ta iyali, da ta ma'aikata, bari in fara maka da kacici-kacici, don mu tsofaffi da shi muke buɗe baki in yara sun zauna. Shago ne, ba kanta, ba ma'auni, ba ko ƙwayar ashana ta sayarwa. Kullum cike yake da jama'a, kowa ya shigo ya sami abin da ya zo nema. Mai shagon ba ta taɓa karɓar ko dala ba, amma duk garin ita ta fi kowa biyan kuɗi. Wane shago ne? Riƙe shi a ranka, kuma kada ka tambayi sakatare.

Ni ce Tsahara, wadda ake kira Kaka Tsahara, a ƙauyen nan na karkarar Malbaza inda kuka jera faifan sola bayan lakwal, makarantar bokon yara. An ce mini kai yaro ne, sa'an jikokina. To ka zama maigidana ke nan, don kowane jika mijin kakarsa ne. Shi ya sa na ba da wagga takarda a karanta a fili. Mijin da ya sa hannu cikin adashin matarsa, ba a ƙuryar ɗaki ake yi masa faɗa ba.

Na ɗaya, yadda muka ƙulla. Da kuka kawo kuran, ɗana Isuhu da ke cirani a Abijan ya ce in karɓa, shi zai riƙa aiko da kuɗin ta salula. Ma'aikacinku ya maƙala mini kontar mai ƙirga wuta a bango, ya sa na dangwala yatsa a gilashin wayarsa, ya ce ba sai na riƙa zuwa Konni biya ba: duk ƙarshen wata na'urarku za ta ɗauki jikka biyu, wato sefa dubu biyu, daga asusun da ke cikin salulata. Na ce madalla, gwiwoyina sun gode. Abin da nake da shi ƙwan fitila biyu ne, da fanka mai juya kai gefe ɗaya kamar wadda aka yi wa laifi, da abin jona waya mai baki goma da Isuhu ya aiko. Wata biyar muka yi haka, ba wanda ya ji kanmu.

Na biyu, yadda na zama 'yar kasuwa. A unguwarmu ni kaɗai ke da kontar. Saboda haka duk wanda salularsa ta mutu, ɗakina yake kawo ta. Ranar da wani ma'aikacinku, dogo mai jakar baya, ya zo duba kontar, ranar suna ce a gidan maƙwabcina Malam Habu. Baƙi sun zo daga Illela, daga Badagishiri, har da 'yan Konni masu waya biyu-biyu. Ya tarar da salula kwance a kan gadona kamar 'yan tsaki, wasu na ci, wasu na jiran layi. Ya tsaya yana ƙirgawa da yatsa. Ni kuwa na ɗauka sha'awa ce, har na ce masa ai bai ga komai ba, ya zo ranar Juma'a in maza sun tafi masallaci. Ya rubuta abin da ya rubuta. Kafin ya tafi ya ce tasa ma ta kusa mutuwa, na cire ta wani baƙo na jona masa, na dama masa fura ya sha. Daga baya na sami labari a buronku cewa ya rubuta ni mai sana'ar cajin waya. Ina zaton har tasa ya ƙirga. Ku tambaye shi nawa ya biya ni.

Na uku, abin da na'urarku ta yi. Tun daga watan da mai jakar bayan ya zo, ta koma ɗaukar jikka tara. Ba sallama, ba saƙo. Ni dai ina ganin kuɗin cefane na ƙarewa da wuri, sai na kira Isuhu na wanke shi tas. Na ce masa Abijan ta cinye masa tausayi, na tuna masa ciwon ƙyanda da na yi jinyarsa. Yaron nan ya yi ta rantsuwa bai rage ko dala ba. Wata uku ina fushi da ɗana a kan laifinku. Wannan ma bashi ne, sai dai ban san wurin da ake rubuta shi ba.

Da a nan kuka tsaya, da wataƙila har yanzu Isuhu nake zagi. Amma ni ce uwar adashin matan unguwarmu, tun kafin a haifi mai jakar bayan nan. Mu goma sha biyu ne, zubi jikka biyar. Da can a ƙullin zane nake tara shi. Yanzu da yake yawancin matan 'ya'yansu na cirani ke aiko musu, sai zubin ya riƙa shigowa ta salulata, in ya cika in je wurin mai cire kuɗi in ba mai ɗauka. A watan jiya, ranar da zubi na ƙarshe ya shigo, jikka sittin suka cika cif. Na yi alwala, na yi azahar, na ɗauki gyale zan fita. Da na duba, saura ashirin da biyar. Na'urarku ta kwashe talatin da biyar, wai cikon watanni biyar na farko da na yi ina biyan kuɗin gida alhali ni babbar 'yar kasuwa ce. Ko ɓarawon akuya yakan jira a yi duhu. Taku da rana tsaka ta zo, kuma ta fi ni sanin ranar cikar adashi.

Ɗaukar ta Sa'a ce. Sa'a mijinta ya rasu bara, ya bar mata yara huɗu da lambu a fadama. Ita ta roƙi a bar mata wannan watan tun farkon zubi, don ta sayi dashen albasa da man injin ban-ruwa. Albasa kuwa, maigidana, ba ta san buro ba. In lokacin dashe ya wuce, ya wuce. Na kai mata ashirin da biyar na yi mata bayani. Ta karɓa hannu biyu, ta ce, "Ba komai, Kaka, Allah ya mayar da alheri." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kai ni gaban kowa ba. Sai dai tun daga ranar salularta ba ta sake shigowa ɗakina ba. Can bakin kasuwa take kai ta, tana biyan kuɗin da ba ta da shi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na huɗu, zuwana buronku. Na hau motar kasuwa har Konni, na ƙarasa a kan babur ɗin kabu-kabu ina riƙe da rigar yaron da ke tuƙi kamar zan yage ta. Yarinyar da ke zaune a tebur, Allah ya yi mata albarka, ta ba ni kujera da ruwan sanyi. Ta duba, ta ce ba ita ba ce, na'ura ce. Na ce to a fito mini da na'urar mu yi magana irin ta mata. Ta ce tana Yamai. Na ce wa ya ba ta izinin shiga asusuna? Ta ce yatsana. Na nuna mata yatsan, na ce ga shi nan, jikka biyu ya sani, bai taɓa jin tara ba. Sai ta ce in kawo shaidar cewa ba ni da shago. Maigida, kai da ka yi karatu mai zurfi, a cikin wace jaka ake ɗauko abin da babu? Daga ƙarshe ta ba ni shawara cikin ladabi, wai in daina bari maƙwabta suna jona waya, sai a sake turo mai dubawa.

A nan ne nake so ka saurara da kyau, don nan ne ku da mu muka saɓa. A garinmu ba a sayar da wuta. Tun ina yarinya, in murhun gida ya mutu, sai a ba ni kasko a ce je ki gidan wance ki ɗebo wuta. In je in yi sallama, a zuba mini garwashi, in dawo ina hurawa. Ba a taɓa cewa kawo dala ba. Matar da ta hana wuta kuwa, har jikokinta sai an yi musu gori. Yau kasko ya zama salula, shi ke nan abin da ya sauya. Wanda ke jona waya a ɗakina jiran kiran ɗansa yake daga Legas, ko yana son jin farashin wake kafin ya ɗora buhu a amalanke. Ni ce zan tsaya a ƙofa in ce masa babu? Kontar ɗinku na ƙirga abin da aka ci, ban hana ba. In an ci na jikka uku, ku ce uku, in biya. Amma kada ku mai da kyauta ciniki don kawai ku ba ku saba ganinta ba.

To ga roƙona. Ku mayar mini da jikka hamsin da shida: talatin da biyar na adashi, ashirin da ɗaya na watanni ukun da kuka sa na zagi ɗana. Ku goge sunana daga cikin 'yan kasuwa ku mai da ni cikin tsofaffi. Kuma ku koya wa na'urarku sallama. In za ta ɗauki fiye da abin da aka yi alkawari, ta aiko da saƙo tukuna ta jira amsa, kamar yadda kowane ɗan halas yake yi a ƙofar gida. In kun turo mai dubawa, kada ya zo ranar suna, kada ya zo ranar Juma'a, kuma ya zo da wayarsa cike.

Sa'a dai ba za ta jira ku ba, ni ma ba zan bari ta jira ba. Ina da tunkiya guda, fara mai baƙin kunne, wadda nake ajiya don ranar da ba a fata. Ranar kasuwa mai zuwa zan sa mata igiya in kai ta da kaina, in cika wa Sa'a kuɗinta, ta yi dashenta, ta dawo da salularta ɗakina. Ba a taɓa cewa adashi ya mutu a hannun Tsahara ba, kuma ba a kan kuranku za a fara ba. Sai dai ka sani, tunkiyar tana da ciki, kuma tagwaye ta saba haihuwa. Daga ranar da ta bar gidana, bashin da nake bin ku shi ma ciki gare shi. In kun yi sauri, kuɗi za ku biya. In kun yi nawa, sai ku nemi makiyayi.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka girma, ya tsare asusunka daga na'ura irin taku. Allah ya ba ka maƙwabta masu ba da wuta. Ka gai da yarinyar tebur, ka ce wa mai jakar baya furar da ya sha na yafe.

Wassalam.

Taka, Kaka Tsahara, uwar adashi.

Shagon kuwa ɗakin kwanana ne. Gado ɗaya, tabarma ɗaya, da abin jona waya a bayan ƙofa.