Baba Yana Jiran Doka

Yaya Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman baƙunta? Ya Rabi da yara? Mu nan Bazaga lahiya lau, sai dai hankalina ba kwance yake ba.

Zancen Baba ne. Mun gama shirin kai shi sutudiyo a Ƙonni da kuɗin da ka aiko a ɗauki waƙoƙinshi na noma, sai ya ji a rediyo wai ana shawarar rage ma mawaƙa masu zaman kansu haraji kan kuɗin ɗaukar waƙa. Tun ranar ya ƙi tahiya. Ya ce, "Hadiza, a bari dokar ta hito, kar mu ɓarnatar da gumin Hamisu."

Yaya, shawara ce kawai, ba wanda ya san ranar hitowarta. Ga muryarshi kullum dushewa take. Shekaranjiya na kai hura wajen gayya, Baba ya ɗauko waƙar da ya gada wurin Kaka, ya kai tsakiya sauran ya ɓace mishi. Ba wanda ya iya ƙarasa mishi.

Don Allah ka kira shi, maganarka yake ji. Ka sa mu cikin addu'a, ka gaida mutanen gida. Inna na gaishe ka, ta ce in gaya maka sauran waƙar nan ko ita ba ta riƙe ba.

Ƙanwarka,
Hadiza