Ranar da Likita Binta Ta Ce In Jira a Waje

Ƙofar Kwaya, Katsina.

Zuwa ga ɗiyata Halimatus Sa'adiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Abbas, Ya ba ku juriyar zaman Ibadan da ruwanta da ba ya ɗaukewa. Yayanki Audu ya samu ƙaruwa, namiji, an yi suna ranar Asabar. Ƙafata ta hagu tana nan da halinta. Maganin da kika aiko yana kan taga, ban sha ba, kada ma ki tambaya.

Za ki yi mamakin ganin rubutuna, ni da ban taɓa zama ajin boko ba sai ɗan yaƙi da jahilcin da na leƙa da girmana. Kwana huɗu ina fama da takardar nan. Maganar ba ta waya ba ce, ba kuma wadda zan ba wani ya rubuta mani ba ce.

Bara kin nemi izinina ki yi ƙarin karatu a fannin da kuke kira likitan iyali, na ce ban yarda ba. Na ce ban sha surutun 'yan unguwa kan sa ki boko shekara da shekaru don ki ƙare a duba zazzaɓi da mura ba, tiyata nake so ki yi. Kika zauna kina ba ni tarihi, wai da can makarantun likita sun rarraba jikin mutum, kowa ya ɗauki gaɓa ɗaya ya ƙware a kanta, sai daga baya aka ga babu mai duba mutumin gaba ɗayansa da gidan da ya fito, shi ne aka buɗe wannan fanni. Na ce wannan ai ba sabo ba ne, Malam Babaji disfensa na Ƙofar Sauri haka yake aiki tun zamanin En'e, ya san wanda ya haifi kowa, amma ko ranar jana'izarsa ba wanda ya kira shi likita. Kika bar maganar daga nan. Tun ranar sai gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma na ji zafin shirun nan naki, gara in faɗa maki.

To, ciwon Innarki ba gyambon ciki ba ne kamar yadda nake ce maki a waya. Wata goma sha ɗaya ina yawon asibiti da ita. Mun ga likitan ciki, mun ga na ƙoda, an yi hoto har sau biyu. Duk ɗakin da muka shiga ni ke zama kujerar gaba, ita tana baya cikin mayafi, kai a sunkuye. In an tambaye ta, ni ke amsawa. Haka na ga ubana yana yi, kuma ban ga dalilin da matata za ta riƙa zance da wani ina zaune ba. Nakan ce ciki ne, don abin da take ce mani ke nan. Shekara arba'in da biyar muna tare, ba ta taɓa kiran sunan abin da ke ƙasa da cibiya a gabana ba. Su kuma likitocin abin da na faɗa shi suke rubutawa.

Watan jiya ta yanke jiki ta faɗi a madafi. Muka kai ta wani ƙaramin asibiti a hanyar Batagarawa, muka iske wata Likita Binta, ina jin ba ta girme ki ba, irin karatun da kike so shi ta yi. Ta tambayi Innarki, na amsa. Ta sake tambaya, na sake amsawa. Sai ta aje biro, ta kira ni Baba, ta ce in yi haƙuri in jira a waje. Na ce ni ne mijinta. Ta ce ta sani, amma ba ni ne marar lafiyar ba. A gaban ma'aikata fa. Na fita na zauna kan benci cikin mata masu goyo, ina da shekara saba'in da huɗu.

Da ta kira ni, sai da ta nemi yardar Innarki kafin ta yi magana. Ashe jini take zubarwa fiye da shekara, ita da ta daɗe da daina al'ada. Likitar ta tambaye ta haihuwa nawa ta yi, me ya kashe uwarta, wa ke yi mata wanki, abubuwan da ba wanda ya taɓa tambaya. Ta tura mu Zariya. Can suka ce ciwon daji ne a bakin mahaifa, an makara, amma ba su yanke ƙauna ba. Bayan Sallah za a fara yi mata magani.

Har yanzu ban huce da yarinyar nan ba, akwai yadda ake yi wa tsoho magana. Amma na yi ta juya abin a raina, kuma ko ta ina na ɓullo, bakina ne ya tsaya tsakanin Innarki da magani wata goma sha ɗaya. Allah Ya yafe mani.

Don haka na janye maganata. Ki cike takardar karatun nan, Allah Ya yi maki albarka a cikinsa. Ban ce ya fi tiyata ba, kada ki je kina cewa na ce.

Innarki ta roƙe ni kada in sanar da ke, na saɓa mata. Ki nemi hutu ki zo kafin Sallah. Akwai sauran abin da take ɓoyewa, ina gani a fuskarta, kuma ni ba za ta faɗa mani ba. In kin zo ki shiga ɗaki ku zauna ku biyu, ni zan jira a zaure.

Ki gaida Abbas da kyau. Audu da iyalinsa suna gaishe ku, haka ma Gwaggonki Furera.

Mahaifinki,
Mati Baduku